Jirage Marasa Matuƙa A Kudancin Kaduna: Sai Da Lasisi Da Oba-oba Ake Cin Riba

Tun daga watan Yunin 2022, lokacin da kamfanin Zipline na ƙasar Amurka ya buɗe cibiyarsa ta rarraba magunguna a garin Pambeguwa cikin Ƙaramar Hukumar Kubau, jirgi maras matuƙi ya shiga sahun kayan sana'a a Jihar Kaduna. Masu ɗaukar hoton biki, da 'yan safiyo, da masu haƙar ma'adinai, da manyan manoma duk sun fara yi masa kallon abin da zai rage masu kashe kuɗi, ya kuma ƙara masu riba.

To amma akasarin masu sha'awar zuba jari a wannan fanni suna tsayawa ne ga lissafin kuɗin jirgin da na batir da na kyamara. Sukan manta cewa sararin saman da jirgin zai shiga yana da masu kula da shi, yana da dokoki, yana kuma da harshen da ake magana da shi. Ɗan kasuwan da bai sa kuɗin lasisi da na horar da ma'aikata da na kayan sadarwa a cikin kasafinsa ba, zai iya wayar gari ya ga an ƙwace masa jirgi, ko ya ɓace a daji, ko ya jawo masa shari'ar da ta fi ƙarfin jarinsa.

Kasuwar Da Ke Jiran Masu Jari

Garin Godogodo yana cikin Ƙaramar Hukumar Jema'a, kusa da Gidan Waya, a kan hanyar da matafiya ke bi tsakanin Jos da Abuja. Idan aka dubi abin da ke kewaye da shi, za a ga dalilin da ya sa wannan yanki ya dace da irin wannan sana'a.

Na farko shi ne noma. Kudancin Kaduna ne cibiyar noman citta a Nijeriya, daga Kachiya zuwa Jaba da Kagarko har zuwa Jema'a. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta ta ruɓar da amfanin, Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙiyasta asarar manoma da kimanin naira biliyan 12. Jirgin da ke ɗauke da kyamara yana iya zagaye gona mai faɗi cikin ɗan lokaci, ya nuna wa manomi inda ganye ya fara sauya launi tun kafin cutar ta game gonar. Akwai kuma manyan jiragen da ake feshin magani da su.

Na biyu shi ne ma'adinai. An daɗe ana haƙar kuza da duwatsu masu daraja a ƙasar Jema'a, kuma a shekarar 2016 aka ba da sanarwar gano ma'adinin nikel a Dangoma. Kamfanin haƙar ma'adinai ba ya aiki sai da taswira, kuma zana taswira daga sama ya fi sauri da sauƙi a kan bin ƙasa da ƙafa. Na uku shi ne gandun dajin Nimbiya, wanda kula da itatuwansa na katako yake buƙatar ido daga sama. Na huɗu kuwa shi ne kai magani da jini zuwa ƙauyukan da damina ke yanke masu hanya.

Yarjejeniyar da Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla da Zipline a watan Fabrairun 2021, zamanin Gwamna Nasiru Ahmad El-Rufa'i, ta tanadi cibiyoyi uku. Irin jirgin da kamfanin ya fara aiki da shi a Ruwanda a 2016, da Gana a 2019, yana ɗaukar kaya da ba su kai kilo biyu ba, yana gudun kimanin kilomita 100 a awa, yana kai saƙo nisan kimanin kilomita 80 ya sake shi da 'yar laima sannan ya koma gida. Godogodo ta fi kilomita 100 daga Pambeguwa, saboda haka ta wuce inda jirgin waccan cibiya zai kai.

Abin Da Doka Ta Ce

Maganar izini ba sabuwa ba ce. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta kafa Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, ta tanada a sashe na 8 cewa jirgin da ba shi da matuƙi a ciki ba zai ratsa sararin wata ƙasa ba sai da izini na musamman daga ƙasar.

A nan gida, a watan Mayun 2016 ne Hukumar Kula da Harkokin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ta ba da sanarwar hana kowa tayar da irin wannan jirgi sai ya sami izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro. Ƙa'idojin da aka shata wa kamfanoni a wancan lokaci sun haɗa da mallakar jarin hannun jari na naira miliyan 20, da biyan naira dubu 500 kuɗin duba takardu wanda ba a mayarwa, da naira dubu 100 a kowace shekara, da kuma shigar da takardar nema wata shida kafin ranar fara aiki. A shekarar 2017 hukumar ta miƙa wa kamfanin mai na Oando takardar shaidar farko ta gudanar da wannan aiki. Bayan an sa hannu a kan sabuwar Dokar Jiragen Sama ta 2022, hukumar ta fito da kundin ƙa'idoji na 2023, inda aka ware wa jirage marasa matuƙa sashe na 21 sukutum.

Hukumomi uku ne ɗan kasuwa zai yi hulɗa da su, kuma kowace da aikinta. Ofishin Mai Ba da Shawara Kan Tsaro shi ke tantance mutum, shi ke kuma ba da takardar shaidar mai amfani da kaya, wadda jami'an kwastan ke nema kafin su saki jirgin da aka shigo da shi. NCAA ita ke yi wa jirgi rajista, ta ba kamfani takardar shaidar aiki, ta kuma tabbatar da cancantar matuƙi. Hukumar Kula da Sararin Samaniyar Nijeriya, NAMA, wadda aka kafa a 1999, ita ke da jami'an da ke zaune a hasumiyoyin filayen jirage suna ba da hannu. Duk sararin saman Nijeriya, a taswirar matuƙan duniya, sunan Kano yake ɗauke da shi, kuma daga cibiyoyin Kano da Legas ake lura da jiragen da ke ratsa shi.

Ginshiƙan ƙa'idojin tuƙi kusan iri ɗaya ne a yawancin ƙasashe. Jirgin da nauyinsa ya kai giram 250 sai an yi masa rajista. Ba ya wuce ƙafa 400, wato kimanin mita 120, daga doron ƙasa. Ba ya fita daga inda idon matuƙi ke ganinsa sai da izini na musamman. Ba ya bi ta kan taron jama'a, ba ya kusantar filin jirgi ko barikin soja, kuma a kowane hali shi ke kauce wa jirgin da ke ɗauke da mutane.

Akwai hikima a cikin adadin ƙafa 400. Ƙa'idar ICAO ta hana jirgi mai ɗauke da mutane yin ƙasa da ƙafa 500 a wajen gari, in ba tashi ko sauka zai yi ba. Ke nan ƙafa 100 kacal, kimanin mita 30, ita ce tazarar da aka bari tsakanin ɓangarorin biyu. Jiragen soja da masu saukar ungulu kuwa sukan yi ƙasa da haka idan aiki ya kama. Jirgi mai saukar ungulu da ke gudun kilomita 200 a awa yana cin kilomita guda cikin daƙiƙa 18. Wannan shi ne duk lokacin da matuƙin ƙasa yake da shi idan ya hango shi daga nisan kilomita ɗaya, kuma a lokacin hazon hunturu ba lalle ne ya hango shi daga nan ba. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne sadarwa.

Hanyoyin Sadarwa Uku

Ko da yake ana kiransa jirgi maras matuƙi, a idon doka yana da matuƙi, sai dai a ƙasa yake tsaye. Wannan matuƙi yana riƙe da hanyoyin sadarwa uku, kuma yankewar kowace daga ciki tana iya zama asara.

Ta farko ita ce wadda ke tsakanin na'urar da ke hannunsa da jirgin. Yawancin ƙananan jiragen kasuwa suna amfani da zangon rediyo na gigahaz 2.4 da na 5.8, waɗanda na'urorin intanet na gida su ma suke amfani da su. Zangon 2.4 ya fi nisa, na 5.8 kuma ya fi ɗaukar hoto mai kyau a kusa. Dukansu a miƙe suke tafiya kamar haske, ba sa ratsa dutse. A ƙasa mai tuddai irin ta Kagoro da gefen tsaunukan Filato, jirgi yana iya zagawa bayan dutse saƙo ya yanke nan take. Yawancin jiragen an tsara su su juyo gida da kansu idan haka ta faru, to amma a kan tsayin da matuƙi ya saita masu za su juyo. Wanda ya saita mita 30 a wurin da itatuwa da turakun waya suka fi haka tsawo, ya yi wa jirginsa tarko da hannunsa.

Manyan jiragen da ke tafiya mai nisa sukan dogara ga turakun wayar salula ko tauraron ɗan'adam. Nan ma akwai darasi daga abin da ya faru a jihar. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga. Kamfanin da hanyar sadarwarsa guda ce tak, irin wannan mataki zai tsayar masa da aiki cik.

Hanya ta biyu ita ce wadda ke tsakanin matuƙi da abokan aikinsa, musamman mai sa ido, wanda ke tsaye yana duban sama yayin da matuƙi ke duban allo. A babbar gona ko filin ma'adinai, oba-oba ce ke haɗa su. Ta uku ita ce wadda ke tsakanin matuƙi da jami'an hasumiya da sauran jiragen da ke sama.

Harshen Da Ake Magana Da Shi A Sama

Zangon rediyon jiragen sama ya kama daga megahaz 118 zuwa kusan 137, kuma an keɓe 121.5 domin kiran gaggawa a duk duniya. Ba kowa doka ta yarda ya yi magana a wannan zango ba, sai wanda ya sami horo da izini. Dalili kuwa shi ne mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda. Idan biyu suka danna maɓalli tare, ƙara kawai mai saurare zai ji.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada a ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, inda jirage biyu samfurin Boeing 747, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi, mutum 583 suka rasu. Bincike ya nuna cewa an yi amfani da kalmomi masu harshen damo, kuma saƙonni biyu sun haɗu a iska a daidai lokacin da gargaɗi zai iya hana haɗarin. Bayan haka ne aka ƙara tsaurara kalmomin rediyo, har aka hana furta kalmar tashi ta Ingilishi sai a lokacin ba da izinin tashin kansa ko soke shi.

Ingilishi ne harshen sama, amma irin wanda aka taƙaita, aka ba kowace kalma ma'ana guda. Kalmar "Roja" tana nufin saƙo ya iso gaba ɗaya, ba ta nufin an amince. "Wilko" tana nufin an fahimta kuma za a aikata. "Afam" ita ce i, "Negatif" ita ce a'a, "Sitambai" kuma tana nufin a dakata za a kira, ba izini ba ce. Ana kiran baƙaƙe da sunayen da ICAO ta tsayar tun 1956, irin su Alfa, Birabo, Cali da Delta, domin kada a rikita B da D. Lambobi ma an sauya masu lafazi: uku ta zama "tiri", biyar "faif", tara kuma "naina". Ana gwada ƙarfin murya da maki ɗaya zuwa biyar, biyar ɗin ita ce tangaran. ICAO ta ba da shawarar kada mai magana ya wuce kalmomi 100 a minti.

Kowane kira yana da tsari: a ambaci wanda ake kira, a faɗi wanda ke kira, a faɗi wuri da tsayi, sannan a faɗi buƙata. Idan jami'in hasumiya ya ba da umurni, matuƙi zai maimaita masa shi da bakinsa, domin in an ji ba daidai ba a gyara tun kafin a aikata. Agogon da ake aiki da shi na duniya ne, wanda masu sauraron rediyo suka sani da agogon GMT, kuma Nijeriya tana gabansa da awa guda. Kamfanin da aka ba izinin aiki daga ƙarfe takwas a takarda, ya kuma ɗauka takwas ta agogon Kafanchan ce, zai tashi awa guda kafin lokacinsa, wato ba tare da izini ba.

Sai dai a nan akwai abin lura ga mai aiki a Godogodo. Filin jirgin sama mafi kusa shi ne na Yakubu Gowon da ke Heipang kusa da Jos, kuma yana can saman tsauni. Ƙaramar rediyon hannu da ke ƙasa ba za a dogara da ita ta kai can ba, domin ita ma a miƙe saƙonta ke tafiya. Amfaninta shi ne sauraron jiragen da ke wucewa a sama. Ainihin hulɗa da hukuma ana yinta ne tun kafin ranar aiki, ta takarda da wayar tarho, inda za a bayyana wuri da tsayi da lokaci. Idan aikin ya isa a gargaɗi sauran matuƙa, NAMA ce ke fitar da sanarwar da ake kira NOTAM. Matuƙin kirki ba ya fita aiki sai da lambar wayar hasumiya mafi kusa a rubuce, sai kuma ya karanta sanarwar ranar. Sarari yana iya rufuwa dare ɗaya, kamar yadda aka gani a watan Maris 2021 lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya hana shawagin jirage a sararin Jihar Zamfara.

Hausar Aiki A Bakin Oba-oba

A kudancin Kaduna, inda ƙabilu da harsuna suke da yawa, Hausa ce harshen kasuwa, kuma da ita yawancin ma'aikata za su yi magana da juna a fili. Babu laifi a cikin haka, muddin an ɗauko tarbiyyar rediyon sama an sa mata.

Kalmar "to" ita ce babbar matsala. Tana iya nufin na ji, tana iya nufin na yarda, tana iya nufin ci gaba da magana. Haka nan "dama" da "hagu", domin damar mai sa ido da ke fuskantar matuƙi ita ce hagun matuƙin, jirgin da ya juyo yana dawowa kuma damarsa ta sauya. Maganin wannan shi ne kamfani ya rubuta jerin kalmominsa, kowa ya haddace. A yi amfani da gabas da yamma da kudu da arewa. A ware kalma guda, misali "sauka", wadda duk wanda ya furta ta sau uku, ko da ƙaramin ma'aikaci ne, matuƙi zai sauko da jirgi ba tare da tambaya ba. A hana gaisuwa da hira a kan layi tun daga tashi har sauka. Mai sa ido zai ce: "Matuƙi, mai sa ido ne, jirgi mai saukar ungulu daga arewa, ƙasa-ƙasa, yana nufo mu." Matuƙi ya amsa: "Daga arewa, ina sauka." Magana ta ƙare cikin daƙiƙa biyar.

Idan Abu Ya Ɓaci

Kiran gaggawa iri biyu ne. "Mede", wadda ta samo asali daga Faransanci da ma'anar a taimake ni, ana furta ta sau uku idan rai na cikin haɗari nan take. "Pan-Pan" sau uku kuma tana nufin akwai matsala mai buƙatar gaggawa amma ba ta kai ta farko ba. Wanda ya ji ɗayansu a layi, sai ya yi shiru ya bar wa mai kira.

Babbar gaggawar matuƙin ƙasa ita ce jirgi ya ƙi jin umurni ya kama gabansa. A wannan hali abubuwa biyar zai faɗa wa hasumiya mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba: inda aka ga jirgin na ƙarshe, da tsayinsa, da inda ya dosa, da gudunsa, da mintunan da suka rage wa batir. Da waɗannan jami'i zai lissafa iyakar inda jirgin zai kai, ya kawar da sauran jirage daga wurin. Mai ɓoye irin wannan labari don tsoron hukunci yana sayen babbar matsala ne da ƙarama.

Abin da ya faru a filin jirgin Gatwick na Ingila ya isa misali kan girman asarar. Daga 19 zuwa 21 ga Disamban 2018, rahotannin ganin jirage marasa matuƙa sun sa an rufe filin, aka soke ko aka karkatar da tafiye-tafiye kimanin 1,000, abin ya shafi fasinjoji wajen 140,000.

Mutanen Ƙasa Ma Suna Da Haƙƙi

A kudancin Kaduna izinin Abuja kaɗai ba ya isa. Godogodo ta sha hare-hare a shekarar 2016, har aka sa dokar hana fita a Ƙaramar Hukumar Jema'a a watan Oktoba na shekarar. Akwai sojoji a Kafanchan da kewaye, akwai Makarantar Manyan Bindigogi ta Soja a Kachiya. Haka kuma mutanen jihar ba su manta da daren 3 ga Disamban 2023 ba, lokacin da jirgi maras matuƙi na Rundunar Sojan Ƙasa ya kai hari bisa kuskure kan masu Mauludi a Tudun Biri cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, inda Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta ce an binne mutum 85.

A wurin da abubuwa irin waɗannan suka faru, baƙon abu mai ƙugi a sama yana iya tarwatsa kasuwa, ya sa a ɗauka leƙen asiri ake yi kafin hari. Jami'in tsaron da bai san da zuwansa ba yana da hujjar harbo shi. Saboda haka kafin a buɗe akwatin jirgi, wajibi ne a kai gaisuwa fadar sarki ko hakimi, a sanar da mai unguwa, da baturen 'yan sanda na yankin, da kwamandan sojan da ke kusa, a nuna masu takardu, a faɗi rana da lokaci, a bar masu lambar waya. Makiyaya ma a sanar da su, domin ƙarar jirgi tana firgita shanu, kuma garken da ya faɗa gonar wani yana iya tayar da rikicin da ba a san ƙarshensa ba. Ma'aikata su sa riga mai alamar kamfani, su yi aiki a bainar jama'a. Tambaya ba ta ɓatar da mai tafiya, sallama kuma ba ta rage riba.

Lissafin Ɗan Kasuwa

Idan aka ɗora abin a kan sikeli, kuɗin bin ƙa'ida kashi biyu ne. Akwai wanda ake biya sau ɗaya ko shekara-shekara, wato rajista da lasisi da inshora da horo. Akwai kuma na kullum, wanda bai taka kara ya karya ba: oba-oba biyu ko uku, da rediyon sauraro, da layukan waya na kamfanoni biyu daban-daban, da littafin da ake rubuta kowace tafiya, da albashin mai sa ido. A ɗaya gefen sikelin kuwa akwai jirgin da aka saya da dala, da kyamarar da wani lokaci ta fi jirgin tsada, da diyyar wanda aka ji wa rauni. Kamfanin inshora yakan nemi takardu da littafin tafiya kafin ya biya, kuma da wuya ya biya asarar da ta faru a kan aikin da ba shi da izini.

Tun da kuɗin lasisi ba ya ƙaruwa da yawan gonakin da aka yi wa aiki, ƙaramin mai jari shi ya fi jin nauyinsa. Manomin citta mai kadada biyu ba shi da dalilin sayen jirgi. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙungiyar manoma ta ɗauki hayar kamfani mai lasisi, ko kuma 'yan kasuwa su haɗa jari su kafa kamfani guda da zai yi wa manoma da masu ma'adinai da 'yan kwangila aiki, ta yadda nauyin zai rabu. Manyan masu ba da kwangila kuwa, irin su ma'aikatun gwamnati da kamfanonin mai da ƙungiyoyin agaji, takardar shaidar NCAA suke fara tambaya. Ke nan lasisin da ake gani kamar cikas shi ne ke raba mai kamfani da mai wasa, shi ne kuma ke ba shi damar yanka farashi.

Ta fuskar ma'aikata, Jihar Kaduna tana da abin da jihohi da yawa ba su da shi. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana horar da matuƙa da jami'an hasumiya. A Kaduna ne kuma Rundunar Sojan Sama ta ƙaddamar da jiragenta marasa matuƙa ƙirar gida, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Tun daga Nuwamban 2022 ƙa'idojin ICAO kan lasisin matuƙin ƙasa suka fara aiki, abin da ke nuna cewa sana'ar ta zama ta masu takarda a duniya baki ɗaya.

Abin da ya rage shi ne hukumomi su kusanto da hidimarsu ga masu ƙaramin ƙarfi, ta yadda matashin da ke Kafanchan zai iya yin rajista da jarrabawa ba tare da ya tare a Abuja ko Legas ba, a kuma fassara ƙa'idojin zuwa Hausa. Su kuma masu jari, tsarin da ya fi masu alheri shi ne su fara da takardu, su bi da horar da matuƙi da mai sa ido, su ƙulla zumunci da sarakuna da jami'an tsaro, sannan su sayi jirgi daga ƙarshe.